Bakteriyar Tafkunan Kan Tsaunuka: Ba Sanyi Kaɗai Suke Fama Da Shi Ba

Mu mutanen Jos mun ɗauka mun san sanyi, kuma a ma'aunin Najeriya mun san shi ɗin. Garin na zaune a tudun da ya kai kimanin mita 1,200 sama da doron teku, duwatsun Shere sun haura mita 1,800, kuma tsakanin Disamba da Janairu alwalar asuba kan gagari mutum sai an ɗumama ruwa. Duk da haka kududdufan kuza na Rayfield da Barikin Ladi ba sa daskarewa. Ko dutsen Chappal Waddi na jihar Taraba, wanda ya fi ko'ina tsawo a ƙasar nan da mita 2,419, ciyawa ce da daji a kansa. A ƙasar Ostiriya kuwa akwai wani ɗan tafki mai suna Gossenköllesee a mita 2,417, kusan kai ɗaya da na Taraba, amma ƙanƙara ke rufe shi fiye da rabin shekara, domin shi ya yi nisa da tsakiyar duniya inda rana ke dukan ƙasa a tsaye.

Wanda ya leƙa wannan tafki da rani zai ga ruwa garau har ƙasa, zurfinsa bai cika mita 10 ba, babu bishiya a gefensa, sai duwatsu. Zai rantse babu abin da ke motsi a ciki. Masanan jami'ar Innsbruck, waɗanda suka kafa tashar bincike a bakinsa shekaru da dama, sun nuna cewa a irin wannan ruwa kowace mililita guda na ɗauke da ƙwayoyin bakteriya dubu ɗari-ɗari. Suna ci, suna hayayyafa, ana cin su, har a watannin da ƙanƙara ta yi musu murfi.

Da an ji haka, tambayar da kan fara zuwa ita ce yaya suke jure sanyin. Za mu amsa ta, amma a ganina ba a nan kaɗai gizo ke saƙar ba. Sanyin tafkin tsauni yana da iyaka. Ruwa ya fi nauyi a digiri 4 na ma'aunin Selshiyas, ƙanƙara kuma ba ta kai ruwa nauyi ba, shi ya sa tafki ke daskarewa daga sama, murfin ya kare na ƙasa. Iskar waje na iya sauka digiri 20 ƙasa da sifili, ruwan ciki yana nan tsakanin sifili da 4. An san bakteriyar da ke rayuwa a abin da ya fi haka muni nesa ba kusa ba. A 2013 masu bincike na jami'ar McGill ta Kanada sun ba da rahoton wata mai suna Planococcus halocryophilus, daga daskararriyar ƙasar tsibirin Ellesmere na can arewacin Kanada, da ke hayayyafa a digiri 15 ƙasa da sifili. Kuma kada a manta, mafi yawan wuraren da rai ke zaune a duniya masu sanyi ne, domin zurfin teku ba ya wuce digiri 5. Mu mazauna ƙasashen zafi mu ne 'yan gefe.

Sanyi yana kama ƙwayar bakteriya ta wurare uku. Na farko fatarta. Kowace ƙwaya na lulluɓe da wata siririyar fata ta maiƙo, wadda ta nan abinci ke shiga, datti ke fita, kuma dole ta kasance da laushi kafin ta yi aiki. Duk wanda ya je wurin mai ƙosai da sanyin safiya a hunturu ya ga manja ya daskare a galan sai an matsa da shi kusa da wuta, ga man gyaɗa a gefe yana zuba abinsa. Bambancin yana cikin sigar maiƙon: na manja kusan rabinsa miƙaƙƙe ne, yana jeruwa ya cushe, na gyaɗa kuma yana da lanƙwasa, ba ya samun cushewa. Bakteriyar wuraren sanyi takan cika fatarta da maiƙo mai lanƙwasa, kuma tana sauya yawansa gwargwadon yadda ruwan ya ƙara sanyi ko ya sassauta.

Na biyu su ne inzayim, wato sinadaran furotin da ke tafiyar da duk wani aiki a cikin ƙwaya, daga narkar da abinci zuwa ginin sabon jiki. Ƙa'ida ce sananniya cewa duk saukar digiri 10, saurin waɗannan ayyuka kan ragu da rabi ko fiye. A lissafa daga 37 na jikin mutum zuwa 4, za a ga aikin ya kusa tsayawa. Charles Gerday da Georges Feller na jami'ar Liège ta Beljiyam sun shafe shekaru suna nazarin inzayim ɗin bakteriyar Antatika, suka gano cewa ɗaurin da ke riƙe da sassansa sako-sako ne, saboda haka yana iya lanƙwasawa ya kama abin da zai sarrafa ko da ƙarfin zafi kaɗan ne. Amma kowa ya ci zomo ya ci gudu. Abin da aka ɗaure sako-sako ba ya jure girgiza, ɗan zafi kaɗan sai ya warware ya lalace.

Na uku ƙanƙarar kanta. Idan ta tsiro cikin ƙwaya takan yaga ta, idan ta tsiro a waje takan zuƙe mata ruwa. A nan dabaru sun yi yawa. Wasu na tara sukari irin su tirehalos a cikinsu don kada ruwan jikinsu ya daskare, wasu na fitar da yauƙi su naɗe kansu, wasu na da furotin da ke manne wa ƙwayar ƙanƙara tun tana ƙarama ya hana ta girma. Akwai ma masu yin akasin haka: Pseudomonas syringae tana sa ruwa ya daskare da wuri, har ana amfani da furotin ɗinta wajen ƙera dusar ƙanƙara a filayen wasan zamiya.

A 1975 masani Richard Morita ya ja layi tsakanin iri biyu. Akwai na ainihi, waɗanda suka fi girma a digiri 15 ko ƙasa, kuma da an wuce 20 sai su tsaya. Akwai kuma masu haƙuri da sanyi, waɗanda ke girma a sifili amma sun fi sauri a tsakanin 20 da 30. Abin da ya kamata a lura da shi, yawancin waɗanda ake rainowa daga ruwan tsaunuka 'yan rukuni na biyu ne, kuma dalilin a fili yake. Zurfin teku bai san rani ba bai san damina ba, don haka halitta na iya sallama kanta ga sanyi kacokan. Ɗan tafkin tsauni kuwa da ƙanƙara ta narke samansa kan yi ɗumi cikin 'yan makonni, sannan ya koma gidan jiya. Wadda ta ƙware a sanyi kaɗai ba za ta kai baɗi ba. Shi kansa layin Morita akwai masu ja da shi, ciki har da Feller, suna cewa saurin hayayyafa a kwalbar gwaji ba shi ke nuna lafiya ba: ƙwaya na iya rabuwa da sauri a digiri 25 alhali a wahale take, a digiri 5 kuma ta yi a hankali amma ta tara jiki mai yawa. Ina tare da su a wannan.

Babban abin da ke takura rayuwa a waɗannan tafkuna yunwa ce. Tafkin da ke ƙasa ganye na faɗa masa, ruwan gona na gangaro masa da taki. Na sama da iyakar bishiyoyi babu mai kawo masa komai sai ruwan dusar ƙanƙara da ya bi ta kan tsuran dutse. Sinadarin fosfaras, wanda babu ƙwayar da ke ginuwa ba tare da shi ba, ba ya wuce 'yan maikrogiram a lita guda. Kuma sanyi na ƙara wa yunwar gishiri, domin ƙofofin da ƙwaya ke jawo abinci ta cikinsu su ma suna yin nawa, ya zama tana buƙatar abinci mai kauri a daidai inda ya fi tsinkewa. Shi ya sa masu rinjaye a irin wannan ruwa 'yan tsurut ne, irin su Polynucleobacter da wasu dangin Actinobacteria, waɗanda suka rage girman jiki suka kuma zubar da duk wani kundin gado da ba sa buƙata. Rayuwar hannu baka hannu ƙwarya ce, kuma sun iya ta.

Wasu kuma sun koma ga rana. A 2022 ayarin Michal Koblížek na Jamhuriyar Cek ya wallafa bayani kan wata bakteriya da aka ɗebo daga shi wannan tafki na Gossenköllesee, Sphingomonas glacialis, mai hanyoyi biyu mabambanta na tatsar ƙarfi daga haske, tana kunna kowacce gwargwadon sanyi da ƙarfin hasken da ke akwai. Haske ba ya maye mata gurbin abinci. Abin da yake yi shi ne ya ɗauke mata wani ɓangare na kashe ƙarfi, ɗan abincin da ta samu ya tafi ga ginin jiki.

To ina sauran abincin ke fitowa? Daga sama, kuma a nan labarin ya biyo ta ƙofar gidanmu. Hazon da ke rufe Jos a hunturu, mai busar da leɓe yana sa a soke tashin jirage, mafi yawansa daga kwarin Bodele na arewacin Chadi yake tasowa, wanda busasshen gindin tsohon babban tafkin Chadi ne. Ƙurar da ke haurawa Turai ta fi fitowa daga ɓangaren Aljeriya da Maroko da Libiya, amma Saharar ɗaya ce, kuma abin da take ɗauke da shi kusan guda ne: fosfaras, alli, ƙarfe, da ƙwayoyin halitta manne a jikin ƙura. A tsaunukan Sierra Nevada na kudancin Sifaniya, inda tafkin La Caldera ke zaune a mita 3,050, Isabel Reche ta jami'ar Granada da abokan aikinta sun nuna cewa saukar ƙurar Sahara na ƙara wa bakteriyar tafki kuzari. A 2018 sun auna abin da ke zubowa daga iska a can, suka samu bakteriya miliyoyi zuwa gomman miliyoyi a kan kowane murabba'in mita a kowace rana. Yawancin baƙin ba sa kai labari, sanyi da haske kan gama da su, gawarsu ta zama abincin 'yan gida. Kaɗan kan kama ƙasa. Ko a hanya ma ba lallai barci suke ba: Birgit Sattler da Roland Psenner sun kama ɗigon gajimare a tashar Sonnblick ta Ostiriya mai mita 3,106, suka ba da rahoto a 2001 cewa bakteriyar ciki na girma a sifili da ƙasa da haka.

Ranar da ke taimako ita ce kuma ke kisa. Hasken ultrabayolet, mai ƙona fata yana lalata DNA, wato kundin gadon ƙwaya, yana ƙaruwa da kashi 10 zuwa 12 cikin 100 a duk hawan mita 1,000. Ruwan da ke da launin ganye ko laka yana tare shi a 'yan santimita na sama, amma ruwan tsauni garau yake, hasken kan ratsa har gindi, babu wurin ɓuya. Inda abin ya fi ƙamari shi ne tsaunukan Andes na Kudancin Amurka. Tafkin bakin dutsen Licancabur, a iyakar Chile da Bolibiya, yana kusan mita 5,900, har hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, NASA, ta tura ayari ƙarƙashin Nathalie Cabrol su yi nazarinsa a matsayin abin da ya fi kusa da tsofaffin tafkunan duniyar Mars. A ɓangaren Ajantina, María Eugenia Farías ta raino bakteriya daga tafkunan da suka haura mita 4,000, inda ga haske, ga gishiri, ga gubar asenik. Idan aka shuka su a farantin gwaji, da yawa kan fito da launin lemu ko ja ko ɗorawa, launin nan kuwa garkuwa ce. Suna kuma da wani inzayim mai suna fotolayes da ke amfani da shuɗin haske ya gyara ɓarnar da ultrabayolet ya yi wa DNA.

Wurin da ya fi ba ni mamaki shi ne cikin murfin ƙanƙarar kansa. Idan dusa ta taru a kan tafki, nauyinta kan danne ƙanƙarar ta tsage, ruwan ƙasa ya ɓulɓulo ya jiƙa dusar ta zama caɓi, saman caɓin ya sake daskarewa, wata dusar ta sake zubowa. Mai huda murfin a ƙarshen hunturu zai ratsa hawa-hawa: dusa, farar ƙanƙara, caɓi, wata ƙanƙarar, wani caɓin, kafin ya isa ruwa. Marisol Felip da abokan aikinta sun bayyana a 1995, daga tafkin Redó na tsaunukan Pirinis a Sifaniya da wasu tafkunan Ostiriya, cewa caɓin nan mai zama a sifili cif yana da bakteriyar da ta fi ta ruwan ƙasa aiki, wasu dogaye kamar zare. Wurin ya fi sanyi, amma nan ne ƙura da abin da iska ta kawo ke taruwa. Inda abinci yake, nan rai ya taru, ko da ya fi sanyi.

Afirka ma na da nata. A tsaunukan Ruwenzori na iyakar Yuganda da Kwango, masu ƙololuwa a mita 5,109, akwai tafkuna irin su Bujuku da Kitandara, dutsen Kenya mai mita 5,199 shi ma yana da ƙananan tafkuna da dama. Su ba su da dogon hunturu, abin da suke da shi sanyin da ke daskarar da ƙasa da dare, rana ta narkar da shi da hantsi, haka shekara ke ƙarewa. Ƙanƙarar da ke shayar da su tana tafiya. A 1906 ta Ruwenzori ta haura murabba'in kilomita 6, yanzu ba ta kai 1 ba, kuma rahoton UNESCO na 2022 ya ce mai yiwuwa nan da 2050 ta Kilimanjaro da ta dutsen Kenya su ƙare. Idan ƙanƙara ta ja da baya takan bar sababbin tafkuna. A Suwizalan kaɗai an ƙirga kusan 1,200 da suka ɓullo tun daga 1850. Sabon tafki kan fara da gurɓataccen ruwa mai garin dutse, wanda ke tare ultrabayolet, daga baya ya washe, kuma Hannes Peter da Ruben Sommaruga sun nuna a 2016 cewa jinsunan bakteriyar na sauyawa tare da washewar.

Wannan narkewa ce ke haifar da labaran ban tsoro cewa tsofaffin cututtuka za su farka. A 2022 masanan ƙasar Sin sun tattara kundin gadon halittu daga ƙanƙarar tsaunuka 21 na Tibet, suka samu jinsuna 968, galibi ba a san su ba, har da alamun gado masu alaƙa da iya cutarwa. Ya dace a sa ido, amma a auna maganar. Bakteriyar da girmanta ke tsayawa a sama da digiri 20 ba ta da abin yi a jikin da ke 37. Abin da ya faru a yankin Yamal na Rasha a 2016, inda ciwon saifa ya kashe barewar dusar ƙanƙara fiye da 2,000 da yaro guda bayan ƙasa ta narke, ba aikin masu son sanyi ba ne. Ƙwayar saifa dunƙulewa take ta yi barci a ƙasa shekaru aru-aru, ko a sanyi ko a zafi, kuma makiyayanmu sun san ta tun kafin a ji sunan Yamal.

Haɗarin da ya fi kusa da mu yana cikin kicin. Wani mai sayar da kifin ƙanƙara a Taminus ya taɓa ce mini, "Malam, ai abin da ya shiga sanyi ya tsira." Rabin gaskiya ce. Firji mai aiki yana tsakanin sifili da 5, daidai da ruwan ƙarƙashin murfin tafkin tsauni, kuma 'yan rukuni na biyun nan masu haƙuri da sanyi suna nan a ƙasarmu da ruwanmu da wuƙar mahauci. Naman da ya kwana biyu a firji ya fara santsi a hannu, ya ɗauki wani ɗan wari tun bai canza launi ba, yawanci aikin Pseudomonas ne, dangin waɗanda ake samu a ruwan tsaunuka. A madara sukan zuba inzayim da, saɓanin ƙa'idar da muka faɗa, ba ya mutuwa da tafasawa, sai a kashe ƙwayar amma ɗacin ya fito daga baya. Waɗannan ɓata abinci kawai suke. Wata bakteriyar mai suna Listeria kuwa kisa take, tana girma a firji ba wari ba alama, kuma ta fi illa ga masu juna biyu da jarirai. Ita ce ta kama mutum fiye da 1,000 a Afirka ta Kudu tsakanin 2017 da 2018 ta hanyar sarrafaffen nama, fiye da 200 suka rasu. Daskarewa a digiri 18 ƙasa da sifili na tsayar da girma, ba ta kashewa. Da an ɗauke wuta kifi ya saki ruwa, sai su ci gaba daga inda suka tsaya, a dawo da wuta su sake kwantawa da yawan da ya fi na da.

Amfaninsu ma ba kaɗan ba ne. Inzayim mai aiki a sanyi shi ake so a garin sabulu don wanki da ruwan sanyi, da wajen cire sukarin madara ba tare da an ɗumama ta ba. A ɗakunan gwaji ana son shi ne saboda rauninsa: ya gama aiki a ɗan ɗumama shi ya mutu, ba sai an tace ba. A Indiya an daɗe ana gwada Pseudomonas na tsaunukan Himalaya masu narkar da fosfaras ɗin ƙasa a matsayin taki ga manoman tuddai.

Wannan na ƙarshen ya shafi Filato kai tsaye. Manoman dankalin turawa da kabeji na Bokkos da Mangu da Barikin Ladi na noman rani ne a daidai watannin da ƙasa ta fi sanyi da dare, da yawa da ruwan kududdufan kuza suke ban-ruwa. Ba mu da tafkin ƙanƙara, amma muna da ɗaruruwan waɗannan kududdufai, da tafkin bakin dutse na Pidong a Mangu, da hazo mai zubo mana baƙi duk shekara, ga jami'ar Jos ga cibiyar binciken dabbobi ta Vom da ke nan tun 1924. Sai dai ɗalibin da ya ɗebo ruwan nan ya shuka a faranti mai kaurin abinci, ya sa a akwatin raino a digiri 37 kamar yadda ake yi wa samfurin asibiti, ya dawo washegari, zai ga wasu ƙwayoyin daban ne, ba waɗanda muke magana a kai ba. Dama ƙasa da kashi 1 cikin 100 na bakteriyar ruwa ke yarda ta tsiro a faranti. Masu haƙuri da sanyi da yunwa na buƙatar abinci tsararo irin wanda ake kira R2A, da sanyin digiri 4 zuwa 10, da jiran makonni kafin ɗigon lemu ko ɗorawa na farko ya bayyana. Kayan aikin ba su fi ƙarfin sashen jami'a ba. Mafi wuyar samu a cikinsu shi ne firjin da zai yi wata guda wuta ba ta yanke masa ba, wanda a Jos ta yau yana nufin sola da batir.